Kwalin da Na Shekara 6 Ban Kwance Ba

Salama a gare ku 'yan'uwana cikin Almasihu.

Makon jiya muka tashi daga gidan da muka shekara 6 a ciki. Duk wanda ya taɓa ƙaura ya san ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Muddin kaya na zaune a inda suke, ɗaki tsaf yake, baƙo ya shigo ya yaba. Amma da aka ɗaga gado, aka janye kabad daga jikin bango, sai ga ƙura ta yi tudu, ga saƙar gizo-gizo, ga takalmin yaro ƙafa ɗaya da muka gaji da nema. Kullum ana shara a ɗakin nan, tsintsiya ce ba ta taɓa kaiwa can ba.

A can ƙarƙashin gadon na jawo wani kwali. Igiyar da ke jikinsa ita ce wadda na ɗaure shi da ita tun ƙaurarmu ta baya. Matata ta ce, "Maigida, abin da ka shekara 6 ba ka nema ba, me za ka kai shi sabon gida ya yi?" Na ce bari dai in duba. Tsofaffin takardu ne, yawancinsu na zubarwa. A tsakiyarsu kuwa akwai guda ɗaya da na ninke da kyau, na sa a leda don kada ruwa ya taɓa ta. Takardar da wani ɗan'uwa ya sa wa hannu ce, cewa zai biya ni bashin da na ba shi. Bai biya ba. Magana ta yi tsami tsakaninmu, har dattawa suka shiga, ni kuma da bakina na ce a gabansu na yafe. Na zauna a kan katifa riƙe da takardar, masu loda kaya suna ta kirana a waje, tambaya ɗaya tana cina: wanda ya yafe, me zai yi da shaida?

A nan Rahila, matar Yakubu kuma 'yar Laban, ta faɗo mini a rai. Yakubu ya yi wa Laban barantaka shekara 20, 14 saboda 'ya'yansa mata biyu, 6 saboda garke. Da Ubangiji ya ce masa ya koma ƙasar kakanninsa, ya ɗora mata da yara a kan raƙuma, ya kora dabbobinsa, suka kama hanya. Ƙaura ce da Allah da kansa ya umarta. Duk da haka, Farawa sura 31 ta gaya mana Rahila ta sace gumakan gidan mahaifinta ta tafi da su. Laban ya bi su kwana 7, ya cim musu a tuddan Gileyad, ya shiga alfarwa ɗaya bayan ɗaya yana laluba. Bai samu ba, domin Rahila ta cusa su cikin sirdin raƙumi ta zauna a kai, ta ce wa mahaifinta ya yi haƙuri, ba za ta iya tashi ba, al'adar mata ce ta zo mata. Abin da ya fi taɓa ni shi ne Yakubu bai sani ba. Har rantsuwa ya yi cewa duk wanda aka samu abin a wurinsa ba zai rayu ba, alhali abin yana ƙarƙashin matar da ya fi ƙauna.

Haka muke yi, 'yan'uwa. Abin da ba mu so a gani, zama muke yi a kansa, kuma ba ma rasa dalili mai kyau na ƙin tashi. Ni nawa dalilin shi ne, ai takarda ce kawai, wa ya san ranar da za a buƙace ta. Wani nasa lambar waya ce da ya yi wa matarsa alkawarin gogewa. Wata maganar da kishi ya sa aka faɗa mata ce shekara 10 da suka wuce, tana iya maimaita ta kalma bayan kalma, ayar da aka yi wa'azi a kai ranar Lahadi kuwa ta riga ta manta. Irin wannan kaya ba ya cin wuri a mota, shi ya sa ba a barinsa a baya.

Mutane da yawa suna sa rai cewa sabon wuri zai gyara su. A ce da mun bar gidan nan faɗa zai ƙare, da na sami ɗaki nawa zan riƙa tashi addu'ar asuba. Ban raina wannan fata ba, akwai wurin da barinsa alheri ne. Amma Isra'ilawa sun bar Masar a dare ɗaya bayan zaman shekara 430, sun haye teku a kan busasshiyar ƙasa, ba a jima ba suka fara kukan tukwanen naman Masar. Littafin Ƙidaya sura 33 ta jera zango 42 na tafiyarsu. Sau nawa ke nan aka kwance alfarwa aka sāke kafawa, gunaguni kuwa yana biye da su daga zango zuwa zango.

Yakubu ya gane wannan, ko da yake a makare. A Farawa sura 35 Allah ya ce masa ya tashi ya haura Betel, wurin da ya kwana yana matashi da dutse sa'ad da yake gudun wansa Isuwa. Kafin a ɗaure ko ƙunshi ɗaya, ya tara iyalinsa ya ce su kawar da baƙin gumakan da ke tare da su, su tsarkake kansu, su sāke tufafi. Suka miƙa masa gumakan, har da 'yan kunnen da ke kunnuwansu, ya haƙa rami a gindin wani babban itace kusa da Shekem ya binne. Bai ajiye su a gefe ba, bai ba wani riƙo ba, bai ce zinariya ce a narka a yi wani abin amfani ba. Ku tuna abin da 'yan kunne suka zama a hannun Haruna a Fitowa sura 32. Waɗanda ba a binne ba, su aka narka aka yi ɗan maraƙi.

Shekem ɗin nan ma abin lura ce. A nan Ibrahim ya gina bagadinsa na fari a Kan'ana, bayan ya bar Haran yana da shekara 75. A nan kuma Joshuwa ya tara jama'a a ƙarshen ransa, ya faɗi maganar da muke son rataya wa a bangon sabon gida, cewa shi da gidansa Ubangiji za su bauta wa. Muna son wannan aya ta 15 ta Joshuwa sura 24, amma ba mu cika sauka zuwa aya ta 23 ba, inda ya ce musu to, tun da haka ne, su kawar da gumakan da ke cikinsu. Ni ma ina da wannan allo. Na naɗe shi da tawul don kada gilashin ya fashe, na ɗora shi a kan kwalin da takardar take ciki, ban ga laifin hakan ba sai da na zauna.

An ce hali zanen dutse. Da haka ne ƙarshen magana, da banza Almasihu ya mutu. Wanda ya yafe mini bashin da ba zan taɓa iya biya ba, Kolosiyawa 2:14 ta ce ya ɗauki takardar bashin da ke tsaye gāba da mu ya kafa ta a kan gicciye. Bai ninke ta ya sa a leda ba. Da wannan ayar ta zo mini, hawaye na yi, domin ni da aka yage tawa nake adana ta wani.

Ba zan ɓoye muku ba, yagewar ba ta yi wuya kamar abin da ya biyo baya ba. Takarda ta tafi cikin shara tare da ƙurar ƙarƙashin gado, amma Yesu ya yi kashedi a Matiyu sura 12 game da gidan da aka share aka gyara aka bari ba kowa. Mugun ruhun da ya fita yakan dawo da waɗansu 7 da suka fi shi mugunta. Daren farko a sabon gida, ɗakuna wayam, murya na amsa kuwa, yara sun yi barci a kan katifa a ƙasa, muka durƙusa ni da matata a tsakanin kwalaye. Ta ce, "Ka ambaci sunansa." Na daɗe bakina bai buɗe ba. Shekara 6 ban sa mutumin nan a addu'a ba ko sau ɗaya. Da ƙyar na ambace shi, na roƙi Ubangiji ya sa wa gidansa albarka, ya buɗe masa hanya.

Washegari na kira shi, bai ɗauka ba. Na sāke kira da yamma, shiru. A rana ta uku ya ɗauka, muryarsa a ɗarare, yana jiran in tayar da maganar kuɗi. Na ce masa mun tashi ne, ina so ya zo ya ga sabon wuri, ya yi mana addu'a a ciki. Ya yi shiru har na zaci layin ya katse, sa'an nan ya ce, "Ɗan'uwa, ni?"

Ya ce zai zo ranar Lahadi bayan sujada. Ku tuna da mu a addu'a, ni da shi duka.