Dattawanmu da katin inshorar lafiya

A makon jiya na raka kawuna wani asibiti a nan cikin garin Sakkwato. Shekara 35 ya yi yana aikin gwamnati, a shekarunsa na ƙarshe da katin inshora a aljihunsa, kuma da wuya ya yi amfani da shi, domin a lokacin jikinsa da ƙwari. Yanzu da hawan jini da ciwon suga suka haɗu masa, an ce sunansa ya fita daga rajista tun da ya yi ritaya, saboda haka daga ɗan kuɗin fanshonsa yake sayen magani, wani watan ma sai ya riƙa raba ƙwaya biyu don ta kai shi ƙarshen wata.

Tun da shirin inshorar lafiya na ƙasa ya fara aiki a 2005, an gina shi ne a kan ma'aikaci da abokin aurensa da 'ya'ya huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Mahaifi da mahaifiya ba sa cikin wannan lissafi, alhali a gidajenmu su ne suka fi kowa zuwa asibiti, kuma ɗawainiyarsu a wuyan ɗan take. Dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2022 ta wajabta inshora ga kowa, ta kuma tanadi asusun masu rauni, har ta ambaci tsofaffi a cikinsu. Wannan abin yabo ne, amma tsohuwar da ke ƙauyen Gudu ko Kebbe, wadda ba ta taɓa karɓar albashi ba, wa zai je ya sanar da ita, kuma wa zai biya mata kuɗin mota idan asibitin mazaɓarta ya tura ta birni?

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake auna gamsuwarsu. Ma'aikaciyar jinya ta tambayi kawu, “Baba, an duba ka da kyau?” Ya ce, “Alhamdu lillahi, 'yata, mun gode.” Tun hantsi yake zaune a benci har aka kira azahar, likita bai yi minti biyar da shi ba, maganin da aka rubuta kuma aka ce babu, sai a kemis na waje. Dattijon Bahaushe ba ya kai ƙarar wanda yake ganin ya taimake shi, kawaici da kunya ba za su bar shi ba. Wanda ya rubuta wannan godiya a takarda da sunan gamsuwa bai san mutanenmu ba.

Ina roƙon hukumar SOCHEMA, mai kula da inshorar lafiya ta jihar Sakkwato, ta bayyana wa jama'a adadin waɗanda suka haura shekara 60 da ta yi wa rajista a kowace ɗaya daga ƙananan hukumomi 23 na jihar nan, ta kuma tabbatar maganin hawan jini da na suga ba ya yankewa a asibitocin da ta tura su. Idan za a tambayi dattijo ko ya gamsu, a tambaye shi awa nawa ya jira, kuma nawa ya kashe daga aljihunsa a ranar.