Ku tsige shugaba sau goma, akwatin yana nan ƙarƙashin gado

Rigimar jiya a taron ƙungiyarmu ta 'yan albasa a nan Garwa ba ta dame ni ba, mun saba. Dariyar da aka yi wa wani yaro ɗalibin jami'a ce ta tsaya min a wuya. Ya miƙe da ladabi ya ce, "Baba, kafin a tsige shugaba, a duba ta inda kuɗi ke shiga da fita." Sai wani dattijo ya ce, "Zauna ɗan Marwa, shugabanci a jini yake, ba a karanta shi a jami'a." Aka kwashe da dariya. Madalla da jini! Shugaba uku cikin shekara biyar, kowa da kabbara aka naɗa shi, da zagi aka raka shi.

Duk ukun ɓarayi muka zaɓo kenan? Na farkon ma shi ke jan mu sallah in liman ya yi tafiya. Amma akwatin kuɗi a ɗakin shugaba yake kwana, littafi a hannun ƙanensa, ma'aji kuwa suna ne kawai, bai taɓa ganin rasit ba. Ko waliyyi kuka ɗora a kan wannan tsarin, sai kun tsige shi. Tsarin ne. Na ce tsarin ne.

Abin da yaron ke karantawa kenan a ilimin zamantakewa a Jami'ar Marwa. Max Weber, Bajamushe, ya ce ana bin shugaba ne ko don gado da al'ada, ko don kwarjininsa, ko don doka da ke rubuce. Mu kwarjini muke zaɓa, sannan mu zauna jiran aikin doka. A 1911 Robert Michels ya duba jam'iyyar ma'aikata ta Jamus, masu wa'azin daidaito, ya ga ko su tsirarun da ke riƙe da takardu da asusu ne suka mallake ta. In ta faru da su, mu su wa?

Na san za a ce ilimin Turawa ne. To Ibnu Khaldun Bature ne? Tun 1377 ya yi bayanin yadda haɗin kan jama'a ke ɗaga mulki, in ya sassauta mulkin ya zube. Masu cewa lamido bai je jami'a ba, ku leƙa fada: Galadima na nan, Kaigama na nan, alƙali na nan. Ba shi kaɗai yake yanka ba.

Wallahi ba don izgili nake faɗa ba. Zubina sefa dubu biyu duk mako yana cikin akwatin nan. Bara buhuna takwas suka ruɓe a sito muna jiran motar Duwala, saboda mai sa hannu ɗaya ne, shi kuma ya tafi biki. Na tsaya ina kallon ruwan albasa na bin ƙasan ƙofa. Takardar GIC ɗinmu, wato rajistar ƙungiyarmu ta haɗin gwiwa, tana da dokoki a rubuce, da Faransanci, ba wanda ya taɓa karanta mana su da Hausa. Yaron da kuka zaunar zai iya cikin awa ɗaya.