Dattawan unguwa sun fi kowa sanin lungu

Wannan shawara ta haɗa 'yan sanda da dattawan Damagaram don a tare sata tun kafin ta auku, wallahi ta yi. Tsohon da ke zaune kan tabarma a ƙofar gida daga la'asar har isha, a Birni ko Garin Malam, ya san kowane yaro da ubansa, baƙon babur ma bai shiga lungu bai gani ba. Amma fa a rufa masa asiri. In ya kai magana komisariya yau, gobe yaran suka ji sunansa, wa zai tsare masa zaure? Kuma kar a bar iyayenmu mata a baya, su ke gida da rana lokacin da ake haura katanga a kwance akuya.