Cutar kansa ba a ɗaukarta a kwanon abinci

Wai don Allah ina muka samo maganar nan cewa ciwon daji ana ɗauka? Sai ka ga an ware wa baiwar Allah kofinta da cokalinta, yaranta ma an hana su hawa gadonta, alhali ƙwayoyin jikin mutum ne da kansu suke rikicewa suna ta hayayyafa ba tsari, cutar ba ta bin tari ko gumi ko musabaha. Gashin da ke zubewa kuma aikin kemo ne, wato maganin da ake bayarwa don kashe ƙwayoyin kansa, yawanci yana dawowa in an gama.

Ita ce ma ya kamata a kare wallahi, don kemo na raunana garkuwar jiki, in kana mura ka dakata da zuwa dubiya, in ka shiga ɗakinta ka wanke hannu da sabulu.