Yadda na raba gadona saboda rawar ido

Tun da kowa a fada, wato majalisarmu ta hira da shan shayi, ya riga ya ji labarin daga bakin da bai kamata ba, gara in faɗe shi da kaina. A watan Afrilu, lokacin da zafin Maraɗi ya haura digiri 40 kuma jarrabawa ta matso, fatar idona na hagu ta fara rawa. Inna ta ce baƙo zan gani. Mako biyu suka wuce baƙo bai zo ba, sai rawar ta sauka zuwa sharaɓata, kuma da na kwanta da dare sai gabana ya riƙa dukan uku-uku. Da ƙarfe biyun dare na tambayi intanet, ita kuwa ba ta yi wata-wata ba ta miƙo mini cutar ALS mai kashe jijiyoyin motsa gaɓoɓi, wadda aka gano a jikin masanin kimiyyar nan na Ingila, Stephen Hawking, a 1963 yana ɗan shekara 21. Ni da nake da 24 sai na ga har na makara. Ban tsaya na karanta inda aka ce ya rayu har 2018 ba.

Washegari na nemi gafarar 'yan fada ɗaya bayan ɗaya, na raba 'yan kayana. Kowa ya ƙi karɓa, wasu har da ƙwalla, ban da wani abokina guda, wanda ya karɓi agogona da hannu biyu, ya ɗaura nan take, sannan ya tambaya ko kwalinsa yana nan. Shi ne kuma ya ɗauke ni a babur zuwa asibiti, wai don zumunci.

Likitar dattijuwa ce, sa'ar Inna, kuma a ranar akwai ɗalibai uku masu koyon jinya a ɗakin. Ɗaya daga cikinsu ita ce wadda na yi wata shida ina zagaya ƙofar gidansu a unguwar Zariya ban iya yin sallama ba. Likita ta ce, "To ɗana, nuna mini inda yake rawar." Na naɗe wando har gwiwa, na ɗora ƙafata mai faso a kan kujera, mutane biyar suka sunkuya suka zuba wa sharaɓata ido. Naman da ya yi kwana ashirin yana rawa kamar an sa masa kalangu sai ya yi tsit. Na ce a ɗan ƙara haƙuri, yanzu zai fara. Na ɗan mare shi, na murza shi, har na ji kaina ina ce masa "haba mana" a hankali, amma ko gezau. Muka yi kusan minti biyar a haka, ba a jin komai sai ƙarar fanka, har wata tsohuwa da ke kan layi ta leƙo ta labule ta tambaya ko ƙaya ake cirewa.

Sai likita ta ce a ƙirga bugun zuciyata, kuma cikin ɗalibai ukun nan ba ta zaɓi kowa ba sai ita. Ta riƙe wuyan hannuna da yatsu biyu, ta nemi agogo, mutumin ya miƙo hannunsa da nawa agogon yana murmushi. Ta ƙirga 118. Likita ta dube ni, ta dubi yarinyar, ta aike ta kawo wata takarda da na tabbata babu ita a duniya, bayan minti goma ta ƙirga da kanta ta samu 76. Ta ce na baligi a zaune tsakanin 60 ne da 100, ba ta ƙara komai ba, sauran ɗalibai biyun kuwa suka shiga kallon silin.

Ta sa ni tafiya a kan yatsun ƙafa, sannan a kan dunduniya, ta sa ni tsugunno da tashi sau goma, ta ce in matse yatsunta iya ƙarfina har sai da ta ce ya isa. Bayaninta shi ne cutar da nake tsoro tana zuwa ne da raunin gaɓa da ramewar tsoka, kuma rawar nama ita kaɗai a jikin matashi mai ƙarfi galibi daga gajiya, rashin barci, yawan kafeyin (sinadarin da ke cikin shayi da goro mai hana barci) da fargaba take fitowa. Fargaba tana sa jiki ya saki sinadarin adirenalin, zuciya ta yi sauri, jijiyoyi su yi ta tsalle, mutum ya ƙara tsorata, abin ya yi ta zagayawa.

Da ta tambayi abin da nake sha na ce shayi kaɗan. A nan ne magajina ya gyara murya. Ya lissafa zaman shayi uku a yini, kowane zama kofi uku, da kafe na 'yar leda da safe, da goro, da lemon ƙara kuzari idan zan yi karatun dare, da barcin awa huɗu, yana faɗa yana lanƙwasa yatsu kamar mai ba da shaida gaban alƙali, alhali rabin shayin nan shi yake dafawa kuma da sukarina. Likita ta ce ƙa'idar baligi kada ya wuce miligiram 400 na kafeyin a yini, kuma bayan kimanin awa biyar rabin abin da aka sha yana nan a jini, saboda haka shayin bayan isha'i shi yake kwana da ni. Ta tambaya ko ina shaƙar maganin asma ko ina shan tiramol, domin su ma suna sa zuciya gudu. Na ce a'a, shi kuwa ya yi shiru mai tsawo kafin ya ce, "A iya sanina dai."

Duk da haka ta sa aka ɗauki awon zuciya na ECG, aka ɗebi jini don duba ƙarancin jini, wanda zazzaɓin cizon sauro yake yawan barin mutane da shi, da yawan aikin ƙullin wuya da ake kira tayirod, da gishirin jiki irin su fotasiyam da maganesiyam da zufa take kwashewa. Ta ce in koma da gaggawa idan na suma, ko ƙirjina ya yi ciwo, ko hannu ya kasa riƙe kofi, ko na fara ramewa ba dalili. Komai ya fito lafiya. Na kashe kuɗin da na tara na wata biyu, maganin da aka rubuta mini kuwa shi ne barci, ruwa, gyaɗa, wake da dabino, wato abin da ke cikin kwanon Inna tun farko.

Da muka fito na nemi agogona, sai ya ce kyauta ba ta komawa, kuma shi bai ga takardar da ta ce na warke ba. Idon ya daina rawa bayan kwana goma da rage shayi, sharaɓar kuwa takan motsa jefi-jefi, musamman idan babu mai kallo. Kawu ya zo daga Tasawa ranar Juma'a, a ɗakina aka sauke shi, Inna kuma tun ranar take kallona.