Na shiga Whitechapel da kyamara, na fito da sunayen mata biyar

Ran Alhamis ɗin da ta wuce, bayan na fito daga babban masallacin gabashin Landan da ke kan titin Whitechapel, na tarar da mutane sun yi cincirindo a bakin tashar Aldgate East, kowa da waya a hannu, wani dogon Bature mai baƙar hula yana karɓar kuɗi. Shekarata huɗu ina wuce irinsu kusan kullum. Masu zagayen wuraren da aka kashe mata ne a 1888, kisan da har gobe ba a san wanda ya yi shi ba. Ni mai son ɗaukar hoton tsofaffin gine-gine ne, kuma na daɗe ina cewa wata rana sai na bi su na gani da idona. Ran nan na biya na shiga ayari.

Ga wanda bai san labarin ba, tsakanin 31 ga Agusta da 9 ga Nuwamba na 1888 an yi wa mata biyar yankan rago a wannan yanki, huɗu daga cikinsu an farke musu jiki. 'Yan sanda sun yi ta kame da tambayoyi, ba a taɓa hukunta kowa ba. Mai kisan shi ne wanda duniya ke kira Jack the Ripper.

A dandalin Mitre Square abin ya tsaya mini a wuya. Jagoranmu ya fito da wata 'yar na'ura ya haska hoto a jikin bango, hoton gawar Catherine Eddowes, ɗaya daga cikin matan, da aka ɗauka a ɗakin ajiye gawa, babu sutura, ga ɗinkin likita ya ratsa jikinta. Nan take wayoyi suka tashi sama. Wata budurwa ta juya baya ga bangon don fuskarta ta fito tare da gawar, ƙawarta tana ce mata ta ɗan matsa hagu. Ni ma kyamarata tana hannuna, na riga na cire murfin. Jikina ya yi sanyi, na mayar da shi.

A gida an koya mana cewa abu na farko da gawa ke bin rayayye shi ne sutura. Ko a bakin titi aka yi hatsari, za ka ga wata ta kwance mayafinta ta rufe mamaci kafin a san ko ɗan wane ne. Wannan matar shekara sama da 130 ana yaye mata zane a bainar jama'a, kuma sai an biya kuɗi ake kallo. (Mu ma kada mu wanke kanmu: duk wanda ke tura hotunan gawarwaki a WhatsApp da sunan "ku taya mu jaje" ya san abin da nake nufi.)

Awa biyu muka yi muna yawo. Mafi yawan lokacin ya tafi ne a kan mai kisan: ko likita ne, ko mahauci, ko baƙo, ko wani na jikin gidan sarauta. Sunayen da aka zarga tun daga lokacin zuwa yau sun haura 100. Matan kuwa kowace an ba ta jimla biyu, ta farko "karuwa ce", ta biyu yadda aka yanka ta. Alhali shi sunan nasa ma daga wata wasiƙa ya fito, wadda aka aika wa kamfanin dillancin labarai na Central News a watan Satumba na 1888, kuma masu bincike da yawa, har da manyan 'yan sandan zamanin, sun ɗauka ɗan jarida ne ya ƙirƙire ta don jarida ta yi kasuwa. Tun ran farko dai sunan nan haja ne. Mashayar Ten Bells ta ɗauki sunansa daga 1976 har 1988, sai da mata suka yi ta ƙorafi aka mayar da na da. A 2015 aka buɗe gidan tarihi da sunansa a Cable Street, bayan takardar neman izini ta nuna gidan tarihin matan gabashin Landan za a yi.

To su wa aka kashe? Mary Ann Nichols, shekara 43, uwar 'ya'ya biyar. A daren da aka kashe ta, an sallame ta daga gidan kwanan haya a Thrawl Street saboda ba ta da kuɗin gado. Kwabo huɗu ne kuɗin. Kwabo huɗu! Da tana da su, da ta kwana a ɗaki. Annie Chapman, shekara 47, tana saƙa da sayar da furanni, ga ciwo yana cinta, ita ma kuɗin gado ta fita nema ta ce a ajiye mata wurinta. Elizabeth Stride daga Suwidin ta zo. Catherine Eddowes, wadda aka haska mana, 'yar Wolverhampton ce, kwana kaɗan da dawowarta daga ƙwadagon gona a Kent. Mary Jane Kelly ita ce ƙaramarsu, wajen shekara 25, ana binta sule 29 na haya, kuma mai karɓar hayar ne ya leƙa ta taga ya ga abin da aka yi mata. A 2019 masaniyar tarihi Hallie Rubenhold ta fitar da littafi a kan rayuwarsu, inda ta kafa hujja cewa babu tabbatacciyar shaidar uku daga cikinsu suna karuwanci, kuma mai yiwuwa a kwance aka same su suna barci a waje. Akwai masu jayayya da ita. Ni dai ko da duk biyar ɗin sun yi, ban ga yadda hakan ya halatta mayar da gawarsu abin kallo ba.

Kada a fahimce ni baibai. Ban ce kada a je ba, ban ce kada a ɗauki hoto ba. Tafiya da ƙafa tana koyar da abin da takarda ba ta iya koyarwa. Sai da na taka daga Thrawl Street zuwa Durward Street, wadda a da ake kira Buck's Row, inda aka tsinci gawar Mary Ann Nichols, sannan na ji tsawon daren matar da ba ta da wurin kwana. Sai da na tsaya a Mitre Square na ɗaga kai na ga dogayen benayen bankuna, sannan na gane yadda talauci da dukiya suke maƙwabtaka a garin nan tun can.

Amma me ake ɗauka a zahiri? Gida mai lamba 29 a Hanbury Street, inda aka tsinci gawar Chapman, an rushe shi. Dorset Street inda Kelly ta zauna ta ɓace ƙarƙashin ginin ofisoshi. Inda aka tsinci Stride, a tsohuwar Berner Street, yanzu makarantar firamare ce. Kwalta da bango kawai kyamara ke gani. Abin da ke ba hoton ma'ana shi ne rubutun da ka sa a ƙasansa, kuma kusan kowa sunan mai kisan yake sawa.

Taku kaɗan daga masallacin akwai wani ɗan lambu. A kusa da nan wasu samari suka daɓa wa Altab Ali wuƙa ran 4 ga Mayu 1978, matashi ɗan Bangladesh mai aikin ɗinki, saboda launin fatarsa. A 1998 aka sa wa lambun sunansa. Duk mai wucewa sunan wanda aka zalunta yake karantawa, kuma ban taɓa jin wani ya tambayi sunan waɗanda suka kashe shi ba. Unguwa ɗaya ce fa.

Ran Asabar na hau jirgi zuwa Manor Park, maƙabartar City of London, inda aka binne Nichols da Eddowes. Ba kowa sai wani dattijo mai share ganye. Kowace an kafa mata ɗan ƙaramin allo a ƙasa, a gefen hanya, da sunanta. Na tsuguna na share laka daga kan na Mary Ann da hannuna, na ɗauki hoto ɗaya.  Tsabar kuɗin da ke gefen allon ba ni na ajiye ba, a nan na tarar da su.