A rage hannu da koren man wasa aska

Duk wanda ya tashi a gidan da wanzami ke zuwa ran Juma'a da safe ya san yadda abin yake. Zai buɗe zabira, ya zaro aska, ya goga ta sau 'yan kaɗan a kan fata ko a tafin hannunsa, sannan ya jiƙa kan maigida da ruwa da sabulu. Muna yara mun ɗauka wasa bakinta yake yi don ya yi kaifi. Ashe wasa daban, wannan gugar daban, kuma rashin bambance su ne yake lalata askoki a hannun masu sha'awar da suka koma gyaran gemu da aska mai ƙota, irin wadda ake ninkewa, ta Solingen a Jamus ko ta Thiers a Faransa.

Bakin aska siriri ne ƙwarai, shi kuwa gashin gemu yana da taurin da ba a zato. Bayan aski ɗaya bakin yakan ɗan lanƙwashe a wurare, ga danshi da sabulu sun maƙale masa. Fata zalla, wadda ba a shafa wa komai ba, tana miƙar da shi, ta share shi, ba ta cin ƙarfen sai abin da ba a rasa ba. Shi ya sa ake goga mata aska kafin kowane aski, sau arba'in ko hamsin, babu fargaba. Amma akwai ranar da fata za ta gaza, aska ta fara jan gashi tana cizo. Ranar nan sai an ci ƙarfe kaɗan kafin kaifi ya dawo, ko da dutse, ko da man wasa.

Man nan garin abu ne mai tauri da aka kwaɓa da kakin zuma ko maiƙo, ana shafa shi a kan fata ko katako. Koren, wanda ya fi yaɗuwa, sinadarin kiromiyam ne, ƙwayarsa kamar rabin maikiron, shi kuwa maikiron kashi ɗaya ne cikin 1000 na milimita. Akwai ja, na sinadarin tsatsar ƙarfe, irin wanda maƙeran zinariya ke goge kayansu da shi. Akwai na garin lu'ulu'u, mai maikiron 1, ko 0.5, ko 0.25, wanda ya fi saurin ci. Kamfanin Dovo mai ƙera askoki ma yana sayar da nasa man launi-launi, kuma rawayan cikinsu ba ya wasa komai, na tausasa fata ne kawai.

Ni ina ganin man nan yana da amfani sosai, sai dai mutane sun mai da shi na kullum, kuma nan ne ɓarnar take. In aka kwantar da aska a kan dutse, gadon bayanta da bakinta suna taɓa dutsen tare, dutse kuwa ba ya lotsawa, don haka gefen bakin yake fitowa a miƙe. Fatar da aka rataya a ƙusa tana lotsawa. Da ka danna kaɗan za ta naɗo ta rungumi bakin, in kuma akwai mai a kanta, can ƙarshen bakin zai fi ciyuwa. Yau kaɗan, gobe kaɗan, sai bakin ya zama mai tudu. Abin da ke ruɗar mutum shi ne ƙyalli: aska na walƙiya kamar madubi, amma ka ɗora ta a saje sai ta zame ta bar gashin. Ni kaina na taɓa yi wa wata aska haka cikin 'yan watanni, ina ƙara mai duk lokacin da na ji ba ta ci, sai da na kai ta wurin mai dutse ya sake fitar mata da baki tun daga farko.

Masu kare man za su ce sun san wanda ya shekara da shekaru bai taɓa dutse ba, askarsa kuwa tana ci. Gaskiya ne, na yarda. Za su kuma ce dutsen kirki, irin wanda ake haƙowa a yankin Ardennes na Beljiyam, tsada gare shi, koyon aiki da shi kuma sai an ɓata lokaci. Wannan ma haka ne, kuma shi ya sa ban ce a jefar da man ba. Amma ka lura da mutanen da abin ya yi musu kyau, za ka tarar fatarsu a manne take a kan katako, ko kuma katako mai laushi suke shafa wa man kai tsaye, sannan hannunsu ba shi da nauyi. Suna shafa shi sama-sama har ana hango fatar ta ƙarƙashi. Sau biyar zuwa goma suke ja, gadon baya a gaba, baki na biye, su juya askar a kan bayanta, su goge ta tas da tsumma kafin su koma kan fata zalla. Sai kuma ranar da ta sake cizo, watakila bayan makonni.

Fatar mai kuwa ta zama ta mai har abada, domin garin yana shiga cikin ramukanta, ba ya fita duka. Wanda yake da fata ɗaya tak ya shafa mata mai, ya rasa fatar gugarsa ta kullum ke nan. Haka kuma koren sandan man da ake sayar wa masu goge ƙarfe a kasuwa ba lalle ya dace ba, da yawa an gauraya su da gari mai kaushi, wanda ya yi daidai da wuƙa ko gatari amma yana karce bakin aska. In kuma bakin ya gutsure ko tsatsa ta ci shi, babu man da zai gyara, dutse ne maganinsa.

Akwai wani gefe da ya fi duk wannan damuna. Duk bayanin nan na askar mutum ce ta kansa, wadda ba ta taɓa fatar kowa sai tasa. Fatar guga ba ta dafuwa, ba ta wankuwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ƙwayar cutar hanta nau'in B kuwa tana iya rayuwa kwana 7 ko fiye a busasshen jini. Wanzamin da ya ɗan yanki wani, ya goga askar a fata mai maiƙo, ya ɗora ta a kan na gaba, ya ajiye cutar a cikin zabirarsa ba tare da ya sani ba. Wanzamai da yawa sun riga sun koma sabuwar reza ga kowane kai, kuma sun kyauta. Sauran da ba su koma ba, aikin sarakunan aska ne su tsaya a kansu, musamman a askin suna, inda kan jariri ɗan kwana bakwai ne a ƙarƙashin ƙarfen, kuma uban yaro yana da ikon ya ce a ɓare rezar a gabansa.